Daga Tubingen zuwa Renningen, inda ake koya wa kwamfuta gani

Jirgin dare daga Abuja ya sauke ni a Frankfurt da asuba, tsakiyar Oktoba, sanyi ya fara kankama. Tashar jirgin ƙasa a cikin filin jirgin saman take. Awa ɗaya da kwata ta kai ni Stuttgart, na canja ƙaramin jirgi na yi kudu kusan awa guda zuwa Tubingen. Mai niyyar zirga-zirga tsakanin garuruwan nan ya sayi tikitin wata na Deutschlandticket, Yuro 58 a 2025. Ana hawa bas da ƙananan jirage da shi ko'ina a Jamus, ban da jirage masu nisan zango irin su ICE mai gudu. Sai dai yana sabunta kansa, in ba a soke shi zuwa 10 ga wata ba za a cire kuɗin watan gaba.

Tubingen ƙaramin gari ne a bakin kogin Neckar, mutanensa kusan dubu 90, jami'arsa kuwa tun 1477 take. Duk wanda ya taɓa aikin koya wa kwamfuta rarrabe abubuwan da ke cikin hoto ya san titunansa tun kafin ya taka su, domin suna cikin tarin hotunan Cityscapes da aka fitar a 2016. Kamfanin motoci na Daimler ne ya yi aikin tare da Jami'ar Fasaha ta Darmstadt da cibiyar Max Planck ta kimiyyar kwamfuta. An ɗauki hotuna daga cikin mota a garuruwa 50, aka yi wa 5,000 daga ciki cikakkiyar alama da hannu: nan titi ne, nan mutum, nan falwaya, nan sararin sama. Hoto ɗaya yakan ci fiye da awa ɗaya da rabi. Kamfani ya kawo mota da kyamara da kuɗin alama, jami'a ta kawo tambaya da masu bincike. Abin da ya kawo ni ke nan, in ga yadda wannan haɗin yake ga mai neman digirin digirgir.

Bas na hau zuwa tudun arewacin gari, inda Cibiyar Max Planck ta Na'urori Masu Basira take. An kafa ta a 2011, rabi a nan rabi a Stuttgart. Sashen Michael Black ne ya fitar da SMPL a 2015, samfurin jikin ɗan Adam mai ɗigo 6,890 da ake amfani da shi wajen gano tsayuwa da motsin mutum daga hoto. A jami'ar kuma akwai rukunin Andreas Geiger, wanda ya haɗa tarin bayanan KITTI a Karlsruhe a 2012 da mota mai kyamara huɗu da na'urar awon nisa ta leza a rufinta. A ƙarshen 2016 gwamnatin jihar Baden-Württemberg da Max Planck da jami'o'in Stuttgart da Tubingen suka kafa haɗakar Cyber Valley da kamfanoni irin su Bosch da BMW da Porsche da ZF, daga baya Amazon ya shigo, yana ma da ofishin bincike a tudun nan.

Ga mai neman digirgir a nan, ƙofar shiga ta farko ita ce makarantar digirgir ta IMPRS-IS, wadda Max Planck da jami'o'in biyu suke gudanarwa tare. Akan rufe karɓar takardu a tsakiyar Nuwamba, a tantance, a yi ganawa da malamai a farkon sabuwar shekara. Ana son digiri na biyu, da sakamakon kwasa-kwasai, da wasiƙun shaida daga malaman da suka ga aikin mutum da idonsu. Wasiƙar shugaban sashe da bai san ɗalibi ba ba ta da nauyi. Ta biyu ita ce shirin ELLIS, ƙungiyar masu binciken ƙirƙirarriyar basira ta Turai da aka kafa a 2018. A can ɗalibi yana da malamai biyu, kuma in ya zaɓi ɓangaren masana'antu zai yi aƙalla wata shida a wurin kamfanin. A jami'a da Max Planck ɗan digirgir ma'aikaci ne mai albashi a matakin E13 na ma'aikatan gwamnati, wasu kashi 65 ko 75 cikin ɗari na cikakken albashin, wasu duka. A tambaya kafin a sa hannu.

Ƙofa ta uku ce ta sa na koma Stuttgart na hau jirgin S6 zuwa Renningen, inda kamfanin injiniya na Bosch ya buɗe harabar bincikensa a 2015 a gefen wani tsohon filin jirgi. Doguwar hasumiya ce a tsakiyar gonaki. A irin wannan tsari kamfani ne yake ɗaukar ɗalibi kai tsaye, yawanci da kwantiragin shekara uku, ya ba shi teburi da injinan GPU masu saurin lissafi da bayanan da ba a samu a intanet.

A nan ne mutane suke yin tuntuɓe, ko wane kamfani ne. A Jamus kamfani ba ya ba da digiri, Max Planck ma ba ta bayarwa. Jami'a ce kaɗai. Dole a sami farfesa da ya yarda ya duba aikin, a kuma yi rajista a tsangayarsa tun a watannin farko. Wanda ya bar wannan sai shekara ta biyu zai iya tarar da cewa tsangayar ta ɗora masa ƙarin kwasa-kwasai saboda digirinsa na waje. Akwai rumbun anabin na intanet da ke nuna matsayin jami'o'in ƙasashen waje a idon hukumomin Jamus, a duba shi tun daga gida.

Sai batun wallafa takarda, wanda a wannan fanni a manyan tarukan masu bincike ake yi. Taron CVPR yana rufe karɓa a Nuwamba, ICCV da ECCV suna karɓa-karɓa a Maris, NeurIPS a Mayu. Ɗalibin jami'a yakan yi ta gyara har daren ƙarshe. Na kamfani ba shi da wannan gatan, sai an duba takardarsa a ciki tukuna. Dalili shi ne a Turai abin da aka riga aka bayyana wa jama'a ba ya samun rajistar mallakar ƙirƙira, ko da a shafin arXiv ne aka ɗora shi, inda masu bincike suke sa takardunsu kafin a wallafa. Dokar Jamus kuma ta wajabta wa ma'aikaci ya sanar da kamfanin da yake wa aiki duk abin da ya ƙirƙira, in wata huɗu suka wuce kamfani bai sake masa ba, ya zama na kamfani, shi kuma a biya shi ladansa. Saboda haka wa'adin ɗalibin kamfani yana riga na taro da makonni, kuma wanda bai lissafa da wannan ba zai rasa zagaye guda, wata biyu zuwa shida daga cikin 36 da yake da su.

Bayanan kamfani ma zuma ce da harbi. Masu tace takardu suna son sakamakon da wani zai iya maimaitawa, hotunan kamfani kuwa ba sa fita, ga dokar kare bayanan sirri ta 2018 da ta sa ake dushe fuskoki da lambobin mota. Dabarar da ta fi aiki ita ce a gina hanya a kan bayanan da kowa ke iya saukewa, a gwada ta a kan na kamfani a matsayin ƙari.

Mai kwantiragin bincike yana iya neman bizar masu bincike ta sashe na 18d na dokar zaman baƙi a Jamus. Da ya iso yana da mako biyu ya yi rajistar adireshi, da takardar shaida daga mai gidan hayarsa. Ɗaki a Tubingen kuwa wuya yake yi, musamman a Oktoba da ake buɗe zango, shi ya sa da yawa suke zama a Reutlingen su riƙa shigowa da jirgi. Ranar Lahadi kuma shaguna a rufe suke, a yi cefane tun Asabar.

Da yammar ranar ƙarshe na tsaya a kan gadar Neckar ina ƙirga abin da ke wucewa da ajujuwa 19 na abubuwa da ake auna Cityscapes da su: mota, bas, keke, babur, mai tafiya a ƙasa. Komai ya sami gurbinsa. A shataletalen Kano lissafin zai watse, domin babu ajin a-daidaita-sahu, babu na baro, babu na dabba, kuma an ɗauki hotunan ne da rana cikin yanayi mai kyau, babu hazon hunturu. Wannan giɓi tsakanin inda aka horar da na'ura da inda za ta yi aiki matsala ce da kamfanonin motoci suke kashe kuɗi a kanta. Mai neman gurbi da ya zo da hotuna 500 na titunan garinsu masu alama, da awon yadda ingancin samfuri ya faɗi a kansu aji bayan aji, ya zo da abin da za a tattauna a ganawa. Da lissafin awa ɗaya da rabi, alamar kaɗai aikin awa 750 ne.