Darussa daga aikin haɗa tsohuwar mita mai faifai

Har yanzu a garuruwa irin su Gezawa, Ringim da Ɗambatta ana cin karo da tsohuwar mita baƙa mai gilashi, wadda faifai ke juyawa a cikinta. Wasu tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, suke manne a bangon zaure. Yanzu galibi masu gidajen haya da masu shaguna ne ke sayo kwancenta daga Kano don raba kuɗin wuta tsakanin 'yan haya, ko masu wutar maja su sa wa kwastoma. Wannan aikin mai wayarin ne. Amma mitar da KEDCO ke karanta wa mutum kuɗi, mai hatimin dalma a jiki, ta kamfani ce, kuma taɓa ta laifi ne.

Darasi na farko da aikin yake koyarwa shi ne a karanta fuskar mita kafin a ɗauki sukundireba. Ko Ferranti ce, ko Landis & Gyr, ko Sangamo, duk abin da ake buƙata yana rubuce. A nemi 230V ko 240V, da 50Hz. In aka ga 120V da 60Hz, ta Amurka ce, a mayar wa mai ita. Sai a duba ƙarfinta: 10(40)A yana nufin iyakar abin da za ta ɗauka am 40 ne. Wadda aka rubuta wa 5A kawai tare da wani abu kamar 100/5, ta manyan ma'aikatu ce, sai da taransifomar awo take aiki, in aka ɗora mata gida kai tsaye ƙonewa za ta yi. Lamba ta ƙarshe mai muhimmanci ita ce ta rev/kWh, wato zagaye nawa faifan zai yi kafin a ci yunit ɗaya.

Cikinta ba wani abin mamaki ba ne. Akwai koyil, wato naɗin waya, mai kaurin waya da duk wutar gidan ke bi ta cikinsa, akwai wani mai siririyar waya da ke tsakanin layif da nutural, su biyun ne ke tura faifan alminiyam, sai maganaɗisu da ke riƙe shi kada ya zarce.

Inda ake yawan asara shi ne ramukan nan huɗu na ƙasa, inda wayoyi ke shiga. A ido duk iri ɗaya ne, amma jeri biyu ake da shi. A tsarin Ingila, wanda ya fi yawa a wajenmu, daga hagu: layif mai shiga, nutural mai shiga, nutural mai fita, layif mai fita. A tsarin Jamus kuwa, layif mai shiga, layif mai fita, sannan nutural biyu. Wanda hannunsa ya saba da na Ingila, in ya samu ta Jamus ya sa nutural a rami na biyu, to ya haɗa layif da nutural ta cikin koyil mai kauri. Ana mayar da fis za a ji ƙara, in an yi sa'a fis ɗin kaɗai zai tafi. Zanen haɗin yana cikin murfin ramukan, sai dai yawancin na kwance ba sa zuwa da murfi. Don haka a sa maltimita, wato na'urar awon wuta, a wajen da take ƙara in wuri biyu suna haɗe. In rami na 1 da na 4 suka yi ƙara tare, na 2 da na 3 ma haka, ta Ingila ce. In kuwa 1 da 2 ne, sai 3 da 4, ta Jamus ce. Daga nan a auna tsakanin layif da nutural, ya kamata a ga ɗaruruwan om (ma'aunin turjiyar waya), wata har ta haura dubu. In bai nuna komai ba, ko dai siririn koyil ya yanke, ko an kwance ɗan ƙarfen da ke gefen ramin farko, wanda ke ba shi wuta. Gida zai samu wuta lafiya lau, faifai kuwa ko motsi.

Wajen haɗawa, a zare fis ɗin kat'awut, wato babban fis da wuta ke bi kafin ta shiga mita, a sa shi a aljihu, don a ƙauye ba a sanarwa kafin a kawo wuta. Testa mai ɗan kwai ba ta isa shaida ba, a tabbatar da maltimita. A wayoyin da, ja ne layif, baƙi nutural, amma kada a yarda da launi a gidan da hannaye da yawa suka yi wa aiki. Shago mai breka 32A waya 6mm ta ishe shi, gida sukutum kuwa 10mm ko 16mm. A fere wayar daidai zurfin ramin, kada jan ƙarfe ya leƙo waje, a ɗaure sukurori biyun kowane rami, a dawo a sake ɗaure su. Baƙin da ake gani a gindin mita da warin roba kusan kullum daga sakakken sukuru ne, ballantana in wayar alminiyam aka cusa. In faifai ya juya baya, an musanya layif mai shiga da mai fita. In aka bi da nutural ta koyil mai kauri za ta yi ta juyawa kamar ƙalau, amma duk wutar da ta zurare ta ƙasa ba za ta ƙirga ba.

Dole mitar ta tsaya cak a miƙe, domin faifan a kan ɗan tsini yake zaune. Bangon ƙasa ba ya riƙe sukuru, sai a kafa katako tukuna, a gwada da igiya da dutse irin na magina. A kuma leƙa ta gilashi: gidan zanzaro ɗan mitsitsi a bakin maganaɗisu, ko ƙurar hunturu da ta daskare, sun isa su rage mata gudu.

Gwajin ƙarshe da agogon waya ake yi. Mita mai 600 rev/kWh, in aka kunna kwai mai wat 100 shi kaɗai, baƙin tabon faifan zai dawo duk bayan daƙiƙa 60. Kayan wat 1000 kuwa duk daƙiƙa 6. Amma a ƙarshen layi, inda wuta ke sauka zuwa 180V da magariba, dutsen guga mai wat 1000 bai wuce ya ja wat 610 ba, sai a ɗora wa mita laifin da ba nata ba. Gara a auna bolt da am a lokacin, a ninka su. Bayan haka a kashe komai a zuba ido: faifan zai iya ɗan jan jiki ya tsaya, amma in ya ci gaba da zagaye babu kaya, ɗan haya zai biya wutar da bai sha ba.

Masu sola su kiyaye: wutar batir kai tsaye ba ta juya wannan faifan, tana ma iya dafa siririn koyil. In za a sa ta, sai bayan inbata.