Abin da Macizai Suka Koya Mini Bayan Mun Tare a Bakin Gari

A shekarar da muka tare a gidan da na gina a bakin garin Gombe, a unguwar da ba da daɗewa ba gonakin dawa da gyaɗa ce, na ga macizai huɗu a cikin gidan tun kafin damina ta raba tsakiya. Ba abin mamaki ba ne, domin mu ne muka je muka same su a wurinsu. Kangwaye sun kewaye mu, ciyawa ta kai gwiwa a filayen da ba a gina ba, ga tarin bulo da duwatsun gini ko'ina, ga kuma kwaɗi da ɓeraye waɗanda su ne abincinsu. Mahaifiyata, wadda ba ta kiran sunan maciji da dare sai dai ta ce igiyar ƙasa, ta kawo mana ziyara ta kwana biyu ta koma, ta ce ba za ta sake kwana ba sai mun sare ciyawar bayan gida.

Na farko da na yi arba da shi a ɗakin tattabaru ne, bayan sallar isha'i. Na haska tocila sai na ji wata ƙara kamar ana goga busassun ganye biyu, na duba ƙasa na ga wani ɗan maciji mai launin ƙasa da ɗige-ɗige a gadon baya, ya lanƙwashe jikinsa yana goga shi da juna, yana kai sara a iska. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san wannan ƙara, kuma ya san sunan mai yin ta: kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe da nisa. Ban tsaya wata shawara ba, na ɗauko fartanya na kashe shi. Da gari ya waye na kira wani maƙwabcina, dattijo, tsohon malamin kimiyya a makarantar sakandare, domin ya ga abin da na kashe. Ya tsuguna ya juya shi da kara, ya buɗe bakin da tsinke, sannan ya ɗago ya ce mini, "Malam, wannan ai ba kububuwa ba ce, ɓarawon ƙwai ka kashe. Duba bakin nan, ko haƙorin kirki babu."

Ashe akwai macijin da abincinsa ƙwan tsuntsu kaɗai ne. Yana haɗiye ƙwan ɗungurungum, wasu ƙasusuwan bayansa su fasa shi a maƙogwaro, ya shanye ruwan ya amayar da ɓawon a murƙushe. Ba shi da dafi, don haka abin da yake kare kansa da shi shi ne kwaikwayon kububuwa, a launi da zane da kuma wannan ƙarar gogar jiki. Dattijon ya nuna mini bambancin: shi siriri ne, kansa ƙarami ne kuma kusan kaurinsa ɗaya da wuyansa, ita kuwa kububuwa gajera ce, da wuya ta wuce santimita 60, kanta ya fi wuyanta faɗi sosai, idanunta manya. Na saurare shi da kyau, amma na ce masa, har yanzu kuma ina kan wannan ra'ayi, cewa bambancin da sai an tsuguna da rana tsaka ake ganinsa ba shi da amfani ga mutumin da ke riƙe da tocila cikin dare. Duk macijin da ya yi wannan ƙara, ni a wurina kububuwa ce har sai an tabbatar da akasin haka daga nesa.

Daga wannan rana na fara neman sani, kuma abu na farko da na gane shi ne yawancin ƙa'idojin da muke yawo da su a baki ba su da tushe. An ce mana maciji mai dafi kansa mai kusurwa uku ne. Wannan gaskiya ne ga kasa da kububuwa, amma kan kumurci ba haka yake ba, ga mesa kuma da faffaɗan kai alhali ba ta da dafi. An ce a duba ƙwayar ido, idan a tsage take kamar ta kyanwa to akwai dafi, amma ƙwayar idon kumurci a zagaye take, ta mesa kuwa a tsage. Ban da haka ma, wanda ya matsa kusa har yana ganin ƙwayar idon maciji ya riga ya shiga inda bai kamata ya shiga ba. Harshen nan mai reshe biyu da yara ke tsoro ba ya sara, da shi maciji yake shinshinar abin da ke kewaye da shi, wutsiya ma ba ta harbi.

Macizan da suka fi yi wa mutane illa a arewacin Najeriya uku ne, kuma halinsu ya fi launinsu saurin bayyana su. Kasa ita ce mafi sauƙin ganewa idan an gan ta, sai dai ganin nata ne da wuya. Gajera ce mai kauri, tsawonta wajen mita ɗaya, kanta faffaɗa, bayanta da zane mai kama da bakin kibiya jere har wutsiya, launinta kuma ya saje da busasshiyar ciyawa da ƙasa. Ba banza ba Bahaushe yake misalta mai nauyin barci da ita, domin ba ta gudu idan ta ji motsi, kwanciyarta take yi ta dogara da sajewar launinta, shi ya sa yawancin waɗanda take sara taka ta suke yi a kan hanya. Idan ta ji an matsa mata takan kumbura ta yi huci mai ƙarfi, kuma duk da wannan nawa tata, saranta yana da saurin da ido ba ya iya bi. Dafinta yana kumbura gaɓa ya ruɓar da nama, har ya kai ga yanke ƙafa idan an yi jinkiri.

Kumurci shi ne mai shiga gida. Baƙi ne dogo, yana kaiwa mita biyu, a ƙarƙashin wuyansa akwai ratsi mai ja-ja, kuma idan ya fusata yakan ɗaga gabansa ya fasa kai. Kaji da ƙwai da ɓeraye da kwaɗin gindin randa ne suke jawo shi, shi ya sa ake yawan samunsa a akurki da rumbu da makewayi, wani lokaci ma yakan sari mutum yana barci a kan tabarma. Shi ne na biyu da na gani a gidana, a bayan tarin itacen girki, kuma da na san abin da na sani yanzu da ban tsaya a gabansa ina ƙare masa kallo ba, domin yana feso dafi daga nisan mita biyu ko fiye, kuma ido yake nema. Dafin ba ya cutar da lafiyayyar fata, amma idan ya shiga ido yana ƙuna kamar barkono, yana kuma iya makantarwa. Maganin farko shi ne a wanke idon nan take da ruwa mai yawa, a yi ta kwarara shi na tsawon lokaci, ba tare da murzawa ba, sannan a tafi asibiti. Wannan kumurcin bai fesa mini ba, ya sulale ta magudanar ruwa ya fita, washegari na sa aka toshe bakinta da raga.

Kububuwa ce ƙarama a cikinsu, kuma ita ce ta fi kisa, musamman a kudancin Gombe da Taraba da Filato da sauran yankin kwarin Binuwai. Na ga aikinta da idona a kan ɗan kawuna, lokacin kaka, yana ɗaga damin dawa da aka bari ya kwana a gona. Ta sare shi a yatsa, wurin ya ɗan kumbura, zafin bai kai yadda ake zato ba, sai aka kai shi wurin wani mai maganin gargajiya wanda ya ɗaure masa hannu tamau da tsumma, ya tsaga wurin da reza, ya manna masa baƙin dutse. Ya kwana yana hira da mutane, kowa yana cewa an auna arziki. Da hantsi ya yi sai aka ga jini yana tsattsafowa daga dasashinsa, tsagar da aka yi masa ta ƙi daina zuba, har wani tsohon miki a ƙafarsa ya buɗe. A nan ne makircin wannan dafi yake: yana cinye abin da ke sa jini ya daskare, mutum yana tafiya da ƙafarsa alhali jini yana zuba a cikinsa, wani lokaci har a ƙwaƙwalwa. Tsagar da aka yi da niyyar taimako ita ta zama babbar ƙofar zubar jinin.

Muka ɗauke shi zuwa Kaltungo, a kan hanyar Gombe zuwa Yola, inda asibitin da ya shahara da jinyar saran maciji yake. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sauƙin gwajin da suka yi masa. An ɗebi jininsa kaɗan aka zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, aka ajiye ba a taɓa ba har minti 20, sannan aka karkata ta. Jinin mai lafiya a wannan lokaci ya daskare, nasa kuwa ya kwaranyo kamar ruwa, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna wa ma'aikatan cewa dafin kububuwa ne a jikinsa, ba tare da sun ga macijin ba. Daga baya na karanta cewa wannan gwaji ya samo asali ne daga aikin da likitan nan ɗan Ingila, David Warrell, da abokan aikinsa suka yi a arewacin Najeriya a shekarun 1970, lokacin yana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yanzu kuma ana amfani da shi a ƙasashe da yawa. Aka yi wa ɗan kawuna allurar kashe dafi ta jijiya, bayan awa shida aka sake gwajin, jinin ya daskare. Yatsan ya warke, sai dai tabon rezar yana nan.

Allurar ma tana da nata labarin. Ana tatsar dafin macizai a yi wa tumaki ko dawakai allurarsa kaɗan-kaɗan har jininsu ya samar da garkuwa, daga wannan jini ake tace maganin. Biyu daga cikin waɗanda aka haɗa da dafin macizan Najeriya su ne EchiTAb-G, wadda aka yi a Birtaniya don kububuwa kaɗai, da EchiTAb-Plus da ake yi a ƙasar Kosta Rika don kububuwa da kasa da kumurci, kuma a Kaltungo aka gwada su a kan marasa lafiya kafin a fitar da sakamakon a 2010. Wannan yana da muhimmanci, domin allurar da aka yi da dafin macizan Indiya ba ta aiki yadda ya kamata a kan kububuwarmu, ko da kuwa kwalbar ta yi kyau a ido. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2017, ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane tsakanin 81,000 da 138,000 a duniya kowace shekara, galibinsu manoma da makiyaya da yaransu.

Tun daga wannan tafiya na daina ganin wajibi ne a kashe maciji a tafi da shi asibiti. Idan ana iya ɗaukar hotonsa da waya daga nesa, to madalla, amma bin sa cikin ciyawa yana iya mayar da majinyaci ɗaya ya zama biyu, kuma kan maciji yana iya sara ko bayan an datse shi. Akwai ma wani ɗan baƙin maciji mai sheƙi, mai zama a cikin ƙasa, wanda yake fitowa bayan ruwan sama. Kamanninsa na marar cutarwa ne, amma haƙorinsa ta gefen baki yake fitowa, don haka ko an kama shi ta bayan kai, irin kamun da ake gani wurin gardawa, sai ya soki yatsa. Abin da ya kamata a yi wa wanda aka sara kaɗan ne: a kwantar masa da hankali, a cire zobe ko awarwaro kafin kumburi ya zo, a ɗora gaɓar a kan kara ko katako don kada ta riƙa motsi, a ɗauke shi a kai shi asibiti ba tare da ɗauri ko tsaga ko tsotsa ba.

A gida kuwa gyaran da muka yi bai ci kuɗi ba. Mun ɗauke itacen girki daga jikin bango muka ɗora a kan dakali, mun mayar da akurki da ɗakin tattabaru can ƙarshen gida, hatsi ya koma cikin durom mai murfi saboda ɓeraye, yara sun daina kwana a ƙasa, kuma ana cusa gefen gidan sauro a ƙarƙashin katifa. Ba mai fita makewayi da dare ba tocila da takalmi, ni kuma ba na shiga gona sai da dogon takalmin roba, ba na kuma ɗaga dami ko dutse sai na fara juya shi da sanda.

Na uku da na huɗu da na gani a waccan damina ban taɓa su ba. Ɗaya damatsiri ne, kore siriri, ya ratsa ta kan katanga ya shige bishiyar darbejiya kafin in gama salati. Ɗayan kuwa ruwan ƙasa ne mai santsi, da farin layi a gefen kansa, dattijon nan ya duba hoton ya ce macijin gida ne mai cin ɓeraye, ba shi da dafi, in bar shi zai yi mini aikin kyanwa. Na bar shi, ko da yake uwargida ba ta yarda da wannan shawara ba, kuma har yau ba ta shiga ɗakin ajiya sai ta bubbuga ƙofar da tsintsiya. A makon jiya na tsinci saɓar maciji a bayan durom ɗin masara, tsawonta kamu biyu, na naɗe ta a leda na kai wa dattijon ya duba, ya ce in dawo ranar Asabar idan ya samo tabaransa.