Tromso, garin da ake ɗaura ɗamarar shiga daji

Na sauka Tromso ne a tsakiyar watan Disamba, jirgi daga Oslo tafiyar kusan awa biyu, muka sauka wajen ƙarfe ɗaya na rana amma wallahi sararin sama kamar bayan magariba. Garin yana can ƙuryar arewacin Norway, wajen kilomita 350 arewa da layin Arctic, wato iyakar da daga ita zuwa arewa ake samun ranakun da rana ba ta fitowa, kuma daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa kwata-kwata, sai dai wani shuɗin haske da ke zuwa da tsakar rana na ɗan lokaci sannan duhu ya sake rufewa.

Abin da ya fara zuwa raina da na zaga gari shi ne Agadez. Duk wanda ya taɓa ganin yadda masu shiga Tenere ke tsayawa Agadez su cika jarkoki da ruwa su nemi ɗan jagora, to haka Tromso take, sai dai nan sanyi ake wa shiri. Kan titin Storgata shagunan kayan sanyi ne da ofisoshin masu kai mutane daji, kowa ka gani da takalmi mai kauri da jaka a baya, yana jiran motar da za ta fitar da shi. Ni ma nan na sayi rigar ciki ta ulu bayan mai shagon ya dubi jaket ɗina ya ce wannan na cikin gari ne kawai, kuma gaskiyarsa. Cikin garin sanyin da sauƙi saboda ruwan teku mai ɗumi da ke gangarowa daga kudu, shi ya sa tashar jiragen ruwansu ba ta daskarewa, amma da ka yi tafiyar awa ɗaya ka nisanci teku sai ka ji sanyi na cizon yatsu har cikin ƙashi.

Ranar Juma'a na je masallacin Alnor, na tarar da 'yan Somaliya da Larabawa da Turawan ƙasar da suka musulunta, kuma tambayar da ke cina tun a jirgi ita ce yaya ake sallah a inda babu fitowar rana babu faɗuwarta. Wani dattijo ya ce min a irin wannan lokacin da lokacin bazara da rana ke kwana a sama, lokutan Makka suke bi. Na ji daɗin wannan amsar sosai, har yau ina tunawa da natsuwar da na samu a sahun nan.

Na kuma shiga gidan tarihin Polar da ke bakin ruwa. A nan na tsaya na daɗe gaban kayan Roald Amundsen, mutumin da ya fara taka tsakiyar ƙuryar kudancin duniya a 1911. Daga wannan garin ya tashi a jirgin sama ranar 18 ga Yuni 1928 don neman ayarin wani ɗan Italiya mai suna Umberto Nobile da jirginsu ya faɗi kan ƙanƙara, bai dawo ba, ba a ga gawarsa ba har yau. Mutum mai wannan gogewar fa. Bayan nan da ɗan jagoranmu ya ce kada kowa ya bar layi ko da taku goma, ban yi masa gardama ba.

Da dare muka fita wajen duwatsun Lyngen, mu takwas a bas, muka sauka wurin wasu 'yan ƙabilar Sami masu kiwon wata dabba mai kama da barewa mai ƙaho rassa-rassa, suna bin ta daga makiyayar sanyi zuwa ta bazara kamar yadda Fulani ke yi da shanu. Suka shigar da mu tantinsu da suke kira lavvu, wuta na ci a tsakiya, aka ba mu kofi mai zafi. Sai can wani ya leƙo ya ce ku fito.

Koren haske ne ya tsaga sama daga wannan dutsen zuwa wancan, yana kaɗawa kamar an shanya mayafi iska na wasa da shi, gefensa ɗan ja-ja. Ɗan jagoran yana bayani cewa wasu ƙwayoyi ne daga rana ke karo da iskar da ke can sama wajen kilomita 100, ina jin sa amma bakina Subhanallahi kawai yake maimaitawa. Babu ƙarar mota, babu kukan tsuntsu, sai ƙarar dusar ƙanƙara ƙarƙashin takalmi. Wayata ta mutu saboda sanyi ya cinye batir, hoto biyu kacal na ɗauka. Mun kai minti arba'in a tsaye kafin ya ce mu koma tanti, yatsun ƙafata sun daina ji, amma ni ne na ƙarshen shiga.