Ɗan Kan Jirgin Kawu Ya Sake Numfashi

A cikin wani tsohon akwatin katako Kawu ya miƙo mini shi, naɗe cikin tsumma. Ɗan kan jirgin ƙasa ne mai aiki da tururi, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, amma da na ɗaga sai na ji nauyinsa ya fi ƙarfin girmansa. Kawu ya ce, "Kai ne mai son kwance-kwance. Ka gani ko zai tashi. Rabon da in ga ya yi tafiya tun ba a haife ka ba."

Na ce, "Kawu, wani ya taɓa gyara shi ne?"

Ya ce, "An taɓa kai wa wani, sau ɗaya."

Wannan sau ɗayan shi ya cinye mini kusan wata biyu.

Ba irin na batir ba ne da yara ke wasa da shi. Inji ne na gaske, an dai ƙanƙanta shi: tukunyar tagulla da ake cika wa ruwa, fitilar sifirit mai lagwani a ƙarƙashinta, silinda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Babu sunan maƙeri a jikinsa, ko dai tambarin ya goge ko ya faɗi. Na auna tsakanin ƙafafunsa na samu milimita 32, wato abin da masu harkar ke kira Geji O. Asalin sunan ma sifili ne, saboda ya fi Geji 1 mai milimita 45 ƙanƙanta, kuma kamfanin Märklin na Jamus ne ya fito da wannan tsarin lambobi. Ƙirar tasa ta yi kama da irin waɗanda aka riƙa yi a Ingila tsakanin shekarun 1920 da 1930, lokacin da su Bowman na garin Dereham da Bassett-Lowke na Northampton ke tashe. Notikansa ne suka ƙara tabbatar mini ɗan Ingila ne, zan zo kan wannan.

Ranar farko, maganar gaskiya, fenti ne ya ɗauke mini hankali. Koren da ke jikinsa ya ƙone ya koma baƙi a gefen tukunya, inda harshen wuta ya daɗe yana lasa. Har na fara tunanin kankare shi duka in fesa sabo. Allah ya taimake ni na ce bari in fara duba ko injin ma na da rai.

Na fara da bawul ɗin kariya, ɗan abin nan da ke saman tukunya wanda ke buɗewa ya saki tururi idan matsi ya yi yawa. Na ja shi da yatsa, ko motsi. Da na kwance sai na tarar mai gyaran can ya cire sifirin ɗinsa na asali ya cusa wani mai tauri, ya kuma ɗaure shi tam. Na gane tunaninsa: ya ga jirgin ba ya ja, ya ji tururi na huci ta sama, sai ya ce ai ga inda ƙarfin ke zurarewa, bari in toshe. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Ruwa idan ya zama tururi yana neman wuri fiye da ninki 1,600 na inda yake zaune a da. Ka rufe masa ƙofar da aka yi masa, zai buɗe wata da kansa, kuma ba zai yi shawara da fuskarka ba. Da na kunna masa wuta a daren farko yadda zuciyata ta raya mini, da wani labarin nake bayarwa yanzu.

Daga nan na daina yarda da komai a jikinsa. Na kwance shi gaba ɗaya, ina ɗaukar hoto a waya kafin in cire kowane abu, ina zuba notika cikin ƙananan marafan kwalba. A nan na ci karo da ɓarna ta biyu. Notikan jirgin irin na BA ne, tsohon ma'aunin Ingila na ƙananan kayan aiki, wanda haƙoransa ke da kusurwar digiri 47.5, alhali na mita da suka cika duniya yanzu digiri 60 ne. A ido kamar ɗaya suke. Mutumin ya rasa guda biyu, ya samo na mita ya murɗa da ƙarfi har suka cinye haƙoran ramin. Sai da na faɗaɗa ramukan kaɗan na yanka musu sababbin haƙora.

Tukunyar ita ce ta fi ba ni tsoro. Tagullar da ake irin waɗannan tukwane da ita haɗi ce na jan ƙarfe da tutiya, kuma idan ruwa ya daɗe kwance a ciki, tutiyar kan zare jikinta a hankali ta bar jan ƙarfe mai ramuka kamar soso. Alamar ita ce ɗigo-ɗigon ja-ja a jikin ƙarfen. Na ga guda uku a ƙasa. Na sa bakin allura na danna kowanne, ina addu'a kada ta nutse. Ba ta nutse ba. Cikinta kuwa farin ɓawo ne fal, irin wanda ruwa mai gishiri-gishiri ke bari. Na jiƙa ta da ruwan ɗumi da sitirik asid, na girgiza, na zubar, na maimaita har sau huɗu kafin ruwan ya fito garau. Sannan na yi mata gwaji da ruwan sanyi: na cika ta maƙil yadda babu iska ko kaɗan, na toshe ramin bawul, na haɗa ɗan famfo da gejin auna matsi, na matsa har psi 30 (psi ma'aunin matsi ne), ninki biyu na abin da nake so ta riƙa aiki da shi. Dalilin yin gwajin da ruwa shi ne ruwa ba ya matsuwa, don haka ko tukunya ta gaza, ɗan tsiyaya za ka gani, ba fashewa ba. Allurar gejin ta tsaya cak har minti goma. Na sa wa bawul sabon sifirin mai laushi da sabuwar washa, na daidaita shi ya riƙa buɗewa a wajen psi 15.

Lagwanin fitilar na jiƙa shi da ruwa kafin in taɓa, na ƙulle a leda na kawar, domin wasu tsofaffin da asbestos aka yi su, ƙurarsa kuma ba abin shaƙa ba ce. Na yi sababbi da zaren auduga.

Duk wannan, ban kai ga ainihin ciwon ba tukuna. Na haɗa, na kunna, tururi ya taso, na tura shi da hannu, ya yi ɗan tari sau biyu ya tsaya. Farin hayaƙi na ta fita ta gefen silindar hagu.

Irin wannan silinda mai lilo ce. Ba ta da wasu bawul-bawul masu rikitarwa. Tana rataye a kan ɗan ƙarfe guda, bayanta a shafe yake sumul, yana manne da wani shafaffen ƙarfe mai ramuka biyu, ɗaya na shigar tururi, ɗaya na fitarsa. Ita silindar rami ɗaya gare ta. Ƙafa na juyawa, silinda na lilo, raminta ya dace da na shiga, tururi ya tura fistin, ta karkata ya dace da na fita. Shi ke nan duk dabarar, kuma ni har yanzu ban ga injin da ya kai wannan wayo da kaya kaɗan haka ba. Sai dai dukkan aikin ya dogara ne ga fuskokin nan biyu su haɗu ba tare da ko silin gashi ya ratsa ba. Da na kara fuskar hagu a hasken fitila na karkata ta, sai ga wani siririn zane ya tashi daga ramin shiga ya miƙe har baki. Ƙila ƙwayar yashi ce ta shiga shekaru da yawa da suka wuce. Wannan zanen, da sai ka ƙura ido za ka gan shi, shi ne abin da ya kwantar da jirgin. Shi mai gyaran can ya rasa, ya je ya huce a kan bawul.

Gyaransa ba wuya, sai cin rai. Na shimfiɗa samfefa mai lamba 600 a kan gilashi mai kauri, na ɗiga mai, na riƙa goga fuskar ina zagayawa kamar mai rubuta 8, ba dannawa. Na koma mai lamba 1200. Ta ɓangaren silindar kuwa, ƙarfen da take rataye a kai ya tsaya a tsakiya ya hana ta kwanciya, sai na huda rami a wani shafaffen ƙarfe, na huda samfefar daidai wurin, na zura shi ciki ina juyawa. Lokaci-lokaci ina shafa baƙin alƙalami a fuskar in goga sau biyu in duba: inda baƙin ya rage, nan ne kwari. Dare uku na yi a haka. Sifirin da ke matse silindar ma sai da na yi ta lalube, ka ɗaure da yawa ta cije, ka sassauta tururi ya ɗaga ta. Mai kuma na sa na tururi, mai kauri irin lamba 460, don man mota tururi wanke shi yake yi.

Fentin na bar shi yadda yake. Na wanke da sabulu mai laushi, na shafa kakin goge katako, ƙunar da ke gefen tukunya tana nan. Kusa da ɗakin direba akwai inda koren ya sille har tagulla ta fito, daidai girman babban yatsa, wurin da ake kamawa a tura shi. Na tabbata yatsan Kawu na cikin waɗanda suka sille wurin, ban ga dalilin da zai sa in rufe shi ba.

Ranar gwaji na biyu na shimfiɗa dogo a da'ira, na zuba tataccen ruwa da sirinji zuwa kashi biyu cikin uku na tukunya, na auna sifirit yadda zai riga ruwan ƙarewa, don idan tukunya ta bushe da wuta a ƙarƙashinta dalmar da aka liƙe ta da ita narkewa take. Na ƙyasta ashana. Wutar sifirit ba a cika ganinta da rana ba, na kai yatsa in ji ko ta kama, ta kuwa amsa mini. Bayan minti huɗu bawul ya fara tsaki. Na ɗan tura shi, ya fizge daga hannuna, ya kai kwanar farko a guje ya kife, don ba shi da abin rage gudu kuma ba kaya a bayansa. Na kashe wutar da jiƙaƙƙen tsumma, na rataya masa tarago uku, na ɗora ƙananan ƙarafa a cikinsu, na rufe lagwani ɗaya.

Wannan karon ya tafi a natse, cak-cak-cak, yana tofar da ɗigon ruwa da mai a kan dogo. Minti goma sha huɗu ya yi yana zagaye kafin sifirit ya ƙare. Kawu na zaune a kujera bai ce uffan ba har jirgin ya tsaya a gabansa. Ya sunkuya ya shinshina, ya ce, "Warin nan ne. Ƙara masa ruwa."