Harsashin da Ya Rage a Ciki

Yawancin raunukan da na gani a filin harbi ba a tsakiyar harbi aka same su ba. A lokacin nan kowa a tsorace yake, ido a buɗe, kunne yana jiran umarni. Sai an busa usur an ce a tsaya, an miƙe ana kakkaɓe ƙura a gwiwa, wani ya fara tsokanar wani a kan maki, sannan a ji ƙarar da babu wanda ya ba da umarninta.

Ni haifaffen Tudun Wada ne, kuma a makarantar horas da kuratan soja ta nan Zariya, wadda aka kafa tun 1924, na fara riƙe bindiga. Daga baya aiki ya yi ta yawo da ni, amma mafi yawan shekaruna cikin kaki a tsaye na yi su bayan masu harbi. Su suna kallon allon da ake harbi, ni ina kallon yatsunsu da bakin bindigoginsu.

Abin da ya fi cutar da mutane abu ne mai sauƙin faɗa: cire magazin, wato gidan harsashi, ba ya nufin bindiga ta zama wayam. Magazin ɗin AK-47 yana cin harsashi 30, kuma duk lokacin da bindigar ta tashi, ita da kanta take jawo na gaba ta ajiye shi a ramin da zai tashi. Ka zare magazin ka sa a aljihu, wannan ɗayan yana nan zaune yana jiran kunama. Shi ya sa ake bin tsarin daki-daki. A fara cire magazin, a ja mariƙin ɗanawa baya har na ciki ya faɗo, a leƙa ramin da ido, idan da duhu a taɓa da yatsa, sannan a saita ƙasa mai taushi ko buhun yashi a danna kunama, a mayar da makulli, wato abin da ke hana bindiga tashi, sama. Wani abu game da AK shi ne idan makullinta yana sama mariƙin ba ya jawuwa har ƙarshe, dole sai ka buɗe ta kafin ka sauke ta. Wato a daidai lokacin da kake ƙoƙarin kawar da hatsari, bindigar a buɗe take a hannunka.

A wata runduna da na yi aiki akwai wani kofur da kowa ya san shi da iya saiti. Ranar an wuni cikin rana, an gama zagaye na ƙarshe. Ya ja mariƙi, harsashi ya faɗo, ya gan shi da idonsa a ƙasa, sannan ya cire magazin. Ya juya tsarin ke nan, domin da ya saki mariƙin, bindigar ta ɗauko sabo daga magazin ɗin da ke maƙale a lokacin. Yana juyowa zai amsa maganar wani, bakin bindigar ya bi juyawarsa, ya danna kunama. Harsashin ya shiga takalmin abokinsa ta sama ya fita ta tafin ƙafa. Da na isa gare shi jikinsa sai ɓari yake, magazin na hannunsa na hagu yana nuna mini, yana ta maimaitawa, "Oga, wallahi na cire, ga shi ma." Gaskiya ya faɗa, ya cire. Abokin nasa har ya bar aiki yana ɗingishi.

Ban taɓa jin tsoron kurtu kamar yadda nake jin tsoron gwani ba. Kurtu yana riƙe bindiga da hannu biyu da dukkan hankalinsa. Gwani kuwa hannunsa ya haddace aikin, sai hankalin ya tafi wani wuri. Dokokin da ake koyarwa a wurare da dama a duniya guda huɗu ne: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗanannar, kada bakinta ya kalli abin da ba ka yarda ka hallaka ba, yatsanka ya zauna wajen kunama sai ka saita, kuma ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa. An jera su ne domin idan ɗaya ta kuɓuce wata ta tare. Da kofur ɗin nan ya riƙe doka ta biyu kaɗai, da ƙasa ya harba, a yi masa horo a wuce wurin.

Shi ma mai koyarwa ba tsira ya yi ba. A watan Agusta na 2014, a wani filin harbi a jihar Arizona ta Amurka, an ba wa yarinya 'yar shekara 9 bindigar Uzi a kan ɓarin wuta. Ƙarfin tashinta ya fi hannun yarinyar, bakin ya ɗaga ya karkata, mai koyarwar da ke tsaye a gefenta ya rasa ransa. Ni sabon hannu harsashi ɗaya nake ba shi, in tsaya bayan kafaɗarsa inda hannuna zai kai ga bindigar kafin ta juya.

Akwai ƙananan abubuwan da ake rainawa. Kwanson harsashi da zafi yake fitowa, idan ya faɗa wuyan rigar na kusa, mutum ya zabura da ɗananniyar bindiga a hannu. Ƙarar da ta kai desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti tana iya lalata ji nan take, ta bindigar yaƙi kuma ta wuce haka. Ku lura da tsofaffin sojoji, da yawanmu sai an ɗaga murya. Dalmar harsashi tana maƙalewa a hannu, a wanke da sabulu kafin a ci abinci.

Sai mutanen da ba su san ma ana harbi ba. Harsashin AK yana fita da gudun fiye da mita 700 a daƙiƙa, idan ya tsallake tudun ƙasar da ke bayan allo zai iya tafiya fiye da kilomita 2, idan kuma ya bugi dutse sai ya sauya hanya. Saboda haka idan sojoji suka yi sanarwa a rediyo cewa za a yi atisayen harbi, manoma da makiyaya su nisanci wurin, ba tsoratarwa ba ce. Jar tuta tana sama, ba a shiga. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaran da ke bin filin bayan an tashi suna tsintar kwanso don sayar wa 'yan gwangwan. A cikin abin da suke tsinta akwai wanda bai fashe ba.

Bayan na ajiye kaki, mafarauta da 'yan sintiri na wani ƙauye a wajen Zariya suka nemi in duba musu yadda suke riƙe makamansu. Kafin komai na tambayi takardu, domin dokar makamai ta 1959 ta ba kwamishinan 'yan sanda na jiha ikon hana riƙe ko bindigar toka ba tare da lasisi ba. Mun sami wani tsohon ramin haƙar ƙasa mai bango mai tsawo, muka sanar da mai unguwa, muka ajiye mutane a kan hanyoyin shiga.

Bindigar toka tana da nata halin. Da damina albarushi yana jan laima, sai ta ƙyasta ta yi shiru, alhali wuta tana ci a hankali a ciki. Wani saurayi tasa ta yi haka a gabana, nan da nan ya fara sauke ta zai juyo da bakin ya leƙa. Na daka masa tsawa na riƙe gwiwar hannunsa, bakin ya ci gaba da kallon bangon. Ba mu gama jan numfashi ba ta tashi, hayaƙi ya rufe mu. Sarkin Baka yana zaune a kan buzunsa, ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Saje, haka ta ci idon ƙanena." Na ce, "Ranka ya daɗe, to a mayar da ita doka daga bakinka, sun fi jin naka." A wurin ya yanke: wadda ta ƙi tashi, a bar bakinta inda yake aƙalla minti ɗaya. Muka ƙara da cewa kowa ya yi wa ƙarfen da yake danna albarushi alama a daidai inda yake tsayawa idan bindiga wayam take, domin ɗuri a kan ɗuri shi ke fasa bututu ya tafi da yatsu. Kuma a daina zuba albarushi kai tsaye daga gora, a auna a ƙaramin mazubi, saboda tartsatsin da kan rage a ciki. Ina fata 'yan bindigar hawan sallah su ma su riƙe wannan, ganin yadda jama'a ke cincirindo kusa da su.

Idan kuma ƙaddara ta faɗa, jini ne abin tsoro na farko. Babbar jijiyar cinya idan ta tsinke, mintuna kaɗan sun isa. A danna raunin da tsumma mai tsabta da dukkan ƙarfi, kada a ɗaga don a leƙa, kada a zuba toka ko ƙasa. Idan hannu ne ko ƙafa kuma jinin ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, ba a kan gaɓa ba, a murɗa da sanda har ya tsaya, a rubuta lokacin, kada kowa ya kwance sai likita. Kada a ɓata lokaci wajen neman takardar 'yan sanda. Dokar da aka sa wa hannu a 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ba tare da ita ba, asibitin ne zai sanar da 'yan sanda daga baya.

Yanzu duk inda aka kira ni, ba na bari a ɗura ko bindiga ɗaya sai na ga mota a tsaye da mai a tankinta, an juya kanta ta kalli hanyar asibitin koyarwa na Shika, direban kuma ba ya cikin masu harbi.