Hanyar Lambar Rimi, Ni Da Kawu Da Iskar Hunturu

Ɗaurin aure ne ya fitar da mu. Kawu ya ce in raka shi wani ƙauye gaba da Charanchi, ɗiyar amininsa za a aurar, ga gwiwa ta fara sa shi gaba, ba ya son shiga mota shi kaɗai. Muka bar Katsina ta Ƙofar Ƙaura da sassafe, hunturu na kan ganiyarsa, kowa a motar ya naɗe kunne, direba na tafe da fitila a kunne saboda hazo.

Ni ƙanƙara nake sayarwa. Firiza uku gare ni, don haka maganar wuta a wurina maganar tuwo ce. Watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata turakun babban layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ke hawowa daga Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, Arewa ta kwana da kwanaki a duhu, na ga jarina ya narke ya bi kwata. Kawu kuwa tsohon ma'aikacin wuta ne, ya yi ƙuruciyarsa a kan falwaya, har yanzu in ya ga waya ta yi lanƙwasa sai ya yi tsaki.

Muna dosar Lambar Rimi sai suka fara bayyana cikin hazo, dogaye farare, sun fi kowace giginya tsawo. Fankokin iska, masu samar da wutar lantarki. Nan take musu ya kaure. Direba ya rantse ba su taɓa kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba. Wani mai buhun tattasai a baya ya ce ƙarya ne, shi da idonsa ya ga suna juyawa. Wata dattijuwa ta ce ita dai abin da ta ji, su ne suke kore hadari. Kawu bai tanka ba, sai ya taɓa kafaɗar direba ya ce a sauke mu nan, za mu hau ta baya.

"Kawu, ɗaurin auren fa?"

"Sai bayan azahar. Taho ka ga abu, kai da kullum kake zagin wuta ba ka san ubanta ba."

Muka tsaya bakin titi, iska na kaɗa mana riga. Ya ce in ƙirga fukafukan guda ɗaya. Biyu ne, ba uku irin na hotunan ƙasar Turai ba. Kamfanin Vergnet na Faransa ne ya ƙera su, kuma an yi su ne yadda za a iya kwantar da su ƙasa da igiyar ƙarfe a gyara, a sake tayarwa, ba sai an nemo ƙaton injin ɗaga kaya ba. Guda 37 aka tsara, kowace na ba da kilowat 275, in ka haɗa ka sami megawat 10 da ɗan ɗoriya. Tunanin ya samo asali tun marigayi Umaru Musa 'Yar'adua na gwamna, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓa. A Disambar 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, wani Bafaranshe, a garin Rimi. Sai a Nuwambar 2013 ya kuɓuta da ƙafarsa. Aikin ya sha tsaiko bayan nan, shekaru suka yi ta wucewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin iskar. Kawu ya ce in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta sau takwas yake ninkawa. Haka in ta ragu da rabi, kashi ɗaya cikin takwas ya rage maka. Wato yanzu da take kaɗa mu, arziki ne ke wucewa ta kanmu. Amma gobe da rana tsaka tana iya kwantawa ɗif, ba ta yi sallama da kowa ba.

"To ai nan gizo ke saƙa," in ji shi. "Ka taɓa kallon mata na lugude?"

Na ce wa bai taɓa ba.

Ya ce duk injinan da ke kan babban layin ƙasa, na Kainji da Jebba da Shiroro da na gas da ke kudu, lugude suke a turmi ɗaya. Bugu hamsin a kowace daƙiƙa, kowa ya saka taɓarya lokacin da ta ɗan'uwansa ta fita. Kuma wuta ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu, abin da aka samar a wannan daƙiƙar a nan ake shanye shi. In masu sha suka fi masu daka yawa, bugun ya yi ƙasa, taɓare su haɗu, kowa ya janye hannu, sai ka ji a rediyo an ce babban layi ya faɗi. Yanzu ka kawo iska da rana cikin wannan luguden, masu zuwa in sun ga dama. Dole layin ya zama mai ido da kunne: na'urori a kowace tasha suna aika labari nan take, kwamfuta na hasashen iskar gobe, manyan batura na jiran cike giɓi, madatsar ruwa ta ƙara buɗe baki in iska ta faɗi. Shi ne abin da ake kira layi mai basira.

Na ce masa ni duk wannan ya yi mini nisa, kamar alƙawarin da marigayi Buhari ya ɗauka a Glasgow a 2021 cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa nan da 2060. Wa ya san mai kaiwa? Ni hayaƙin da na sani shi ne na janaretana, wanda tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 yake cin ribata kafin in gan ta. Ya yi dariya ya ce hayaƙin ɗaya ne, nawa dai ya fi kusa da hancina.

Muka sami wata motar. Charanchi muka sauka, muka hau babura, ƙura ta yi mana hoda.

Ƙauyen ba falwayar gwamnati ko ɗaya, amma da muka shiga injin niƙa na ta ruri, kuma ba ƙaurin gas. Bayan an shafa fatiha an ci shinkafa, na zame na bi waya har inda ta fito. Wani fili ne da aka kewaye da waya, farantan sola jere, da ɗan ɗaki mai batura da inbata. Wani saurayi na goge farantan da tsumma a bakin sanda. Ya ce da hunturu in ya yi sakaci kwana biyu, ƙura ta rufe su, a fuskar na'ura yake ganin wutar ta ragu.

Ya nuna mini mitar da ke jikin shagon mai shayi. Ƙarama ce, da layin waya a cikinta. Mutum ya sa kuɗi ta wayarsa, ta buɗe, kuɗi ya ƙare, ta rufe, ba mai zuwa da tsani ana cacar baki. Wanda ya jona abin da ya fi ƙarfin rabonsa, shi kaɗai take yankewa. Da rana tsaka, lokacin da batura suka cika wuta na neman mai sha, kuɗin yunit ya fi sauƙi, shi ya sa mai niƙa da mai walda suka mai da aikinsu lokacin. Cikin dare in batir ya yi ƙasa, manyan kaya ake fara saukewa, a bar fitilu da firjin allurar rigakafi na ɗakin shan magani. Na tsaya ina kallon abin nan. Duk bayanin da Kawu ya yi mini a bakin titi, ga shi a ƙauyen da ko kwalta babu, an ƙanƙance shi ya dawo girman akwatin ashana.

Da muka kamo hanya da la'asar, Kawu ya ce dokar wuta ta 2023 ta ba jihohi damar samar da tasu su rarraba, saura a ga mai zuciyar yi. Ni hankalina na wani wuri. Ina lissafin faranti nawa zai riƙe firiza uku daga hantsi zuwa la'asar, da ko rufin shagona zai ɗauka. Mun sake wuce Lambar Rimi magariba ta kawo jiki, hazo ya haɗiye fankokin, Kawu ya jingina kai da gilashi yana gyangyaɗi, ni kuma ina ta danna lissafi a waya har cajin ya mutu.