Lambun Birni da Batun Tabbacin Fili

Duk sa'ad da aka ɗauko zancen noma a cikin birni, akan fara ne da iri da taki da ruwa, amma a ganina tushen al'amarin shi ne wa ke da iko da filin, kuma har zuwa yaushe. Ƙasar da ta daɗe tana shan shara da ɓaraguzan gini ba ta gyaruwa a shekara guda. Sai an daɗe ana ciyar da ita da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi kafin ta yi albarka, kuma ba wanda zai sha wannan wahala alhali yana fargabar gobe a tashe shi.

Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, Kyuba ta rasa yawancin man fetur da takin zamanin da take samu daga can, sai mazauna Habana, babban birnin Kyuba, suka mayar da filayen da ke zaune haka nan gadajen kayan lambu, gwamnati kuma ta amince musu. Misalin da ya fi burge ni shi ne na Rosario a Ajantina. Da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe a 2001, hukumar birnin ta ƙaddamar da shirin noman birni a 2002, ta bai wa masu ƙaramin ƙarfi izinin noma filayen da ba a amfani da su, ta kuma buɗe musu kasuwanni domin su sayar wa maƙwabtansu kai tsaye, ba tare da dillali ba. Daga baya ta shigar da noman cikin tsarin raya birnin, kuma wannan matakin ne nake ganin ya ba shirin tsawon rai.

A New York kuwa, a 1999 hukuma ta shirya gwanjon lambunan haɗin gwiwa fiye da 100, sai da wasu ƙungiyoyi suka saye filayen sannan suka tsira.

Ban ce lambun unguwa zai ciyar da birni da hatsi ba, domin hatsi yana buƙatar faɗin gona. Amfaninsa yana ga ganyayyaki da sauran kayan da ke saurin lalacewa a doguwar hanya. Ko a nan ma akwai sharaɗi: ƙasar da ke kusa da tsoffin masana'antu ko manyan tituna takan ɗauki gubar dalma, saboda haka dole a auna ta, ko a ɗaga gadaje a cika su da ƙasa mai tsabta. Mutumin da aka ba aron fili na wata shida ba zai kashe kuɗinsa a kan wannan aikin ba.